Na Faɗa Masa Kar Ya Kashe Kwamfutar

Barkanmu da sake haɗuwa, 'yan uwa. Na karanta saƙonninku kaf, har da na masu cewa na cika zafin kai, wai mace ba ta haka, in sassauta wa bawan Allah tunda yana sona. Na gode. To ku gyara zama ku ji abin da bawan Allahn naku ya yi min a satin nan, in kun kai ƙarshe sai ku maimaita min shawarar in ji.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke ce min, har na kusa manta ainihin sunana. Babanmu ya rasu tun ina sakandare, 'yan uwana mata duk suna gidajensu, daga ni sai Umma sai Yaya muka rage. Ina shekarar ƙarshe a karatun binciken kutsen kwamfuta. Wato idan ɓarayin intanet suka faɗa wa kamfani, suka kulle masa bayanai ko suka kwashe, mu ake kira mu bi sawu, mu gano ta ina suka shiga, me suka taɓa, me suka tafi da shi. Yanzu haka ina koyon aiki a wani ƙaramin ofishi, ƙarƙashin wata mata da muke ce wa Madam, kuma sai ta sa hannu a kan na iya aikin kafin makaranta ta ba ni takardar gamawa.

A gida ba wanda ya ɗauki karatun nan da daraja. Umma cewa take ina koyon leƙen asirin mutane, Yaya kuwa in baƙi sun tambaya sai ya ce gyaran waya nake koyo. Wanda zan aura, da kowa ke kira Injiniya, shi ne shugaban sashen kwamfuta a wani kamfani mai rarraba magunguna. Shi ya fara kwaɗaita min karatun, shi ya saya min littafin farko. Amma tun ranar da na fara gyara masa magana a kan aikinsa ya sauya min suna zuwa Farfesa, kuma ba da sigar yabo yake faɗa ba. Duk da haka ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba. Manya sun shiga maganarmu, Umma har ta fara auna labulen ɗakin da ba ta taɓa gani ba.

Ranar da abin ya faru ina tsaye ina goge mayafina ruwan toka, wanda nake ɗorawa a kan baƙar doguwar riga don Madam ba ta son ƙyale-ƙyale a wurin aiki, shayina yana hucewa a kan tebur, sai waya ta yi ƙara. "Nawa" na gani a rubuce. Haka na sa masa, kar wanda ya yi min dariya.

Ko sallama bai yi ba. Muryarsa na rawa ya ce duk kwamfutocin kamfaninsu sun fito da wani jan rubutu, ba fayil ɗin da ke buɗewa, 'yan sito sun kasa fitar da ko kwali ɗaya na magani, ga manaja yana hanya. Sai ya ce, "Me ake yi?" Tun da muke tare, ranar ce ta farko da ya tambaye ni abu a kan kwamfuta yana jiran amsa.

Na ajiye dutsen guga na ce masa ya zare wayar intanet daga jikin kowacce, ya raba su da juna, amma kar ya kashe ko ɗaya. Ina cikin maimaitawa wani kiran ya shigo masa ya katse. Sai na danna na yi masa saƙon murya, a hankali, dalla-dalla kamar mai yi wa ɗan firamare karatu: a zare waya, kar a kashe, kar a wanke, kar a kunna wadda ta mutu, a jira masu bincike.

Bari in yi muku bayani kaɗan, don komai a kan nan ya rataya. Kwamfuta tana kunne kamar mutum ne a farke, akwai abubuwan da take riƙe da su a ka waɗanda ba ta rubuta a ko'ina ba. Sawun ɓarawon yana nan, wani lokacin har mabuɗin da ya kulle bayanan da shi yana nan. Da an kashe ta, wannan duk ya tafi, kuma ba ya dawowa. Abin da aka fara koya mana ke nan a aji, kuma shi ne abin da hannun mai firgici ke fara yi, ya kai wa soket cafka.

Amsarsa ta shigo ina saka takalmi. "Na ji Farfesa. Bar mu da aikinmu." Na yi tsaki na jefa wayar a jaka.

Ina isa ofis na tarar ana loda akwatunan aiki a mota. Ashe manajan kamfanin ya kira Madam da kansa, wani abokinsa ya ba shi lambarta. Madam gajeriya ce, ba ta da jiki, gilashinta na rataye da igiya a wuya, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, amma in ta kalle ka sai ka duba ko maɓallin rigarka ya ɓalle. Kafin mu bar layinmu na faɗa mata komai, cewa shugaban sashen wurin shi zan aura, kuma ya kira ni da safe. Ta ce na yi daidai da na faɗa, amma yau ni 'yar ɗaukar jaka ce, ba na taɓa komai, ba na tsoma baki.

Mun samu manyan motoci jere a bakin sito, direbobi na zaune a inuwar tayoyi. A ciki ma'aikata sun cika baranda cirko-cirko, kowa da wayarsa a hannu. Aka kai mu ɗakin da manyan kwamfutocin kamfanin suke, ɗakin da ya kamata tun daga ƙofa a ji yana gurnani, korayen fitilu na ƙyaftawa. Tsit muka same shi, sai na'urar sanyi kaɗai ke hurawa. Ɗaya daga cikinsu ma an jawo ta waje an ɗora a kan tebur, an fara wanke ta, wato ana goge duk abin da ke cikinta.

Madam ta tsaya a bakin ƙofa, ta cire gilashi ta sake shi a ƙirji. "Wa ya kashe su?"

Manaja, wani ƙaton mutum da gumi ya jiƙa wa wuyan riga, ya ce ai don a tsayar da ɓarnar aka yi, ko ba haka ake yi ba? Madam ta yi masa bayani a taƙaice, ba ta ƙara gishiri ba. Ta ce da an bar su kunne da akwai 'yar hanyar da za a gwada a ceto bayanan, yanzu wannan hanyar ta rufe, kuma rabin sawun ya goge. Na ga fuskar mutumin tana sauyawa yana juyowa wajen Injiniya, wanda ke tsaye da farar riga mai dogon hannu da ni na zaɓa masa a shago.

Injiniya ya gyara tsayuwa. Muryar nan da ke rawa da safe ta koma sumul.

"Ranka ya daɗe, ban yi gaban kaina ba. Sai da na tuntuɓi ofishinsu. Ga wadda na kira nan a tsaye, ita ta ce in kashe komai."

Da makullin motarsa ya nuna ni. Ya ciro waya ya nuna wa manaja kiran da ya yi min da safe, ga lambata, ga tsawon maganar. 'Yan uwa, na ɗauka ban ji daidai ba. Na buɗe baki zan yi magana Madam ta ɗaga min yatsa ɗaya ba tare da ta kalle ni ba. Na haɗiye. Shi kuwa ko sau ɗaya bai yarda mun haɗa ido ba, allon bango yake kallo kamar akwai abin karantawa a jiki.

Manaja ya ce shi ke nan, ashe masu maganin ne suka kawo cutar. Ya ce sai lauyan kamfani ya shigo maganar, kuma kar mu sake taɓa komai.

Muna fita wurin ajiye motoci na fashe. Na ce wa Madam wallahi ƙarya yake, akwai saƙon murya, ga shi ma bari ta ji. Na zaro wayar, ta riƙe min wuyan hannu. Ta ce kar in buɗe, kar in saurara, kar in tura wa kowa, kar in ɗauki hotonsa. Ta sa na danna alamar jirgin nan da ke yanke wa waya duk wata hulɗa da waje, don kar Injiniya ya janye amsarsa daga can. Sannan ta ciro ledar shaida daga akwati, irin mai kauri da muke saka duk abin da aka ɗauko a wurin bincike, na saka wayar da hannuna, ta liƙe bakin da jan salatif. Ta sa hannu a kan salatif ɗin, ni ma na sa, ta ɗauki hoto da tata wayar.

Na ce to ta tafi da ita mana. Ta girgiza kai. Ta ce yanzu ofishinta ake zargi, in wayar ta kwana a hannunta za a ce mun gyara ta. Za ta yi wa lauyansu magana, gobe da safe wani mai bincike daga waje, wanda ba namu ba kuma ba nasu ba, zai buɗe ta a gaban lauya ya kwafe duk abin da ke ciki. Duk, har hirarmu ta soyayya, har hotunan da nake turawa in na yi kwalliya. Na ji kunya ta rufe ni, amma na ce na yarda.

Sai ta mai da gilashinta ta dube ni. "In saƙon yana nan yadda kika faɗa, ni zan tsaya miki ko a gaban waye. In babu shi, ko ledar nan ta zo a yage, ba zan sa hannu a takardarki ba. Kuma sana'ar nan ƙarama ce, kowa ya san kowa."

Na rungume ledar a cikin jaka har gida, ko a motar haya ban yarda jakar ta bar cinyata ba.

Tun daga ƙofa na san labari ya riga ni. Umma ba ta amsa sallamata da "Autata" yadda ta saba ba, tana zaune a falo ta haɗe rai, talabijin na yi ba murya. Yaya na jingine da firji ya harɗe hannu. Na wuce ɗaki, na tura ledar can ƙasan kayana a durowa, ƙarƙashin tsofaffin mayafai, na yi wanka na sa rigar zaman gida. Bayan magariba sai ga ƙamshin turaren Injiniya ya rigaye shi shigowa. Ya sauya kaya, ya zo da ledar lemo da tuffa, kuma ya zauna a kujerar Baba, kujerar da ko Yaya ba ya zama a kai. Umma ma har matashi ta miƙa masa.

Na ƙi zama. Na tsaya a bakin labule na ce ya maimaita a gaban uwata abin da ya faɗa a gaban manaja.

Bai musa ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya sunkuyar da kai ya yi muryar tausayi, ya ce firgici ne, manaja ya tsare shi da ido, bakinsa ya riga tunaninsa. Ya ce amma tunda magana ta fita ba ta komawa. Ya ce ni ɗaliba ce, kuskure a wurin ɗalibi ba abin kunya ba ne, faɗa kawai za a yi min a wuce wurin. Shi kuwa in aka ce shi ne, aikinsa ya tafi, sunan da ya daɗe yana ginawa ya zube, kuma da me zai riƙe ni? Abin da yake roƙo kaɗan ne, in goge saƙon, gobe in ce na ruɗe ban tuna abin da na faɗa ba.

Na ce masa ba faɗa za a yi min ba, kora ta za a yi. Na ce a aikinmu ba a sayar da komai sai amana, wanda aka ce ya ba da shawarar da ta lalata shaida, sannan ya goge saƙo, ko shara ba za a ba shi a ofishin bincike ba. Na ce shekarun da na yi ina karatu har idona ya fara ciwo, ina bin malamai, ina cin taliya ba mai don in sayi data, duk yana so in zuba su a kwata saboda shi ya ji kunyar bin maganar mace?

Umma ta ce in rufe mata baki. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin yarinya mai taurin zuciya irina ba, mutum ya zo har gida ya ƙasƙantar da kansa ina tsaye a kansa kamar ɗan sanda. Ta ce rufin asirinsa ai nawa ne.

"Ita takardar me za ki yi da ita in kin shiga ɗakinki? Bango za ki liƙa wa?"

"Umma, ƙarya ya yi min a gaban mutane."

"To sai me? Ke ce ta farko?"

Wannan maganar ta shige ni fiye da duk abin da Injiniya ya yi. Na kalli Umma, matar da ta sayar da keken ɗinkinta lokacin da zan shiga makarantar nan. Na san tsoro take ji. Tana ganin in wannan ya tafi, mutane za su ce karatu ya kore min miji, kuma ba Baba da zai tare mata bakinsu. Na san haka, amma sanin bai rage min zafi ba.

Yaya bai tsaya dogon zance ba, dama shi ba ya yi. Ya miƙo hannu ya ce ina wayar. Na ce tana cikin ledar shaida, an liƙe, an sa hannu, ko ni ba ni da ikon buɗewa. Ya yi wata dariya ta raini, ya ce leda? Ledar da ake zuba burodi ita ce ta fi ƙarfin yayana? Na ce ya kira ta abin da ya ga dama, amma duk wanda ya yaga ta ya yi laifin da hukuma ke kamawa a kai. Ya ce in kira hukumar, yana nan zaune.

Injiniya ya miƙe yana gyara hannun riga, ya ce a bar ni in huce, ya san Farfesa, zuciya ce da ita amma tana da hankali. Da zai wuce ta gabana ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji, ya ce in tuna shi ya kai ni makarantar nan. Na ce na tuna, shi ya sa na san abin da ke faruwa in an kashe kwamfuta. Ya fita bai ƙara kallona ba, Umma ta bi shi har ƙofa tana ba shi haƙuri.

Ban ci abinci ba. Na kulle ɗakina na duba ledar, tana nan lafiya, jan salatif ɗin da sa hannuna da na Madam. Na yi kuka, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma rabin kukan na kewarsa ne, don hannuna ya saba laluben waya ya ga ko "Nawa" ya ce in kwana lafiya.

Da safe gidan ya yi wani irin laushi da ya kamata ya sa ni zargi. Umma ta haɗa min shayi da kanta, ta ce in sha da zafinsa, ta ce ta sa min ruwan wanka. Na ɗauka ta kwana ta yi tunani. Har na ji sanyi a raina, na ce uwa uwa ce. Na ɗauki tawul na shiga banɗaki, kuma don ban saba kulle ɗaki in zan yi wanka ba, ban kulle ba.

Da na fito na tarar da durowata a buɗe, mayafaina a zube a ƙasa. Yaya na zaune a bakin gadona. Ledar na gefensa, bai ma bi ta bakin ba, ta ciki ya farke ta da haƙori ko da makulli, har yagar ta kai jan salatif ɗin, ya rabu biyu daidai kan sa hannuna. Wayar na hannunsa a buɗe.

Wayata tana da lambar sirri. Mutum ɗaya na taɓa koya wa ita a duniya, don ta riƙa kallon bidiyon jikokinta in na bar wayar a caji. Umma na tsaye a bakin ƙofa, ta riƙe labule, tana kallon ƙasa.

Yaya ya jefo min wayar kan katifa. "Na rage miki aiki. Na share hirar gaba ɗaya. Yanzu sai ki je ki ce kin manta."

Ban yi ihu ba, ni kaina na yi mamaki. Na tsaya ruwa na ɗiga daga gashina, na ce masa ya san abin da ya yi kuwa? Na ce goge saƙo ba ya ɓatar da shi yadda yake zato, wataƙila a tono shi, wataƙila a kasa. Amma abin da ba ya ɓuya shi ne an buɗe wayar yau da safe an yi gogewa, wannan wayar da kanta za ta faɗa. Na ce jiya ina da gaskiya a hannuna a liƙe, yau ya mai da ni mai lalata shaida. Ya ce turancina ya ishe shi, ya ture ni ya wuce. Umma ta ce, ba tare da ta ɗago ba, wata rana zan gode musu.

Na sa baƙar rigata, na ɗauki mayafin da ya fi kusa ko guga babu. Na tattara wayar da yagaggiyar ledar da guntun salatif na zuba a wata leda, na fita ban yi wa kowa sallama ba. Shayin yana nan a kan tebur ya yi fata.

A ɗakin taron kamfanin aka zauna. Dogon tebur, robobin ruwa a jere ba wanda ya taɓa. Manaja a kai, lauya a damansa da biro a hannu, Madam a gefe ɗaya, Injiniya a ɗaya gefen ya sha guga, ya yi aski. Mai binciken da aka ɗauko wani dattijo ne mai furfura a gemu, ya riga ya sa safar hannu ya shimfiɗa kayan aikinsa. Ya ce in ajiye ledar a gabansa.

Na ajiye. Na ga idon Madam ya sauka a kan salatif ɗin, ta rufe ido ta buɗe. Injiniya ya jingina da kujera, ya sauke wata ajiyar zuciya da ni kaɗai na gane ma'anarta.

Dattijon bai taɓa wayar ba. Ya ɗauki hoton ledar ta kowane gefe, ya gwada da hoton da Madam ta ɗauka jiya. Ya ce zai gwada tono abin da aka goge, bai yi alkawari ba, kuma zai ɗauki kwanaki. Amma kafin ya taɓa ta dole a rubuta wanda ya karya hatimin, haka aikin yake. Lauya ya ƙara da cewa in sani, in ni ce, magana ta ƙare a nan, za su rubuta wa makarantarmu. In wani ne, to kamfani zai miƙa sunansa ga 'yan sanda, don bayanan magungunan mutane ake magana.

Injiniya ya dube ni a karon farko tun jiya. Ya ɗan gyaɗa min kai, a hankali, irin na in faɗi abin da aka shirya.

Na tuna Yaya yana goya ni zuwa makaranta ranar da takalmina ya tsinke. Na tuna shi ya tsaya a kan kabarin Baba ya ce ba zan taɓa yin maraici ba. Amma na faɗa.

"Yayana ne. Ina wanka ya shiga ya yaga."

Kujerar Injiniya ta yi ƙara. Madam ta sauke numfashi. Lauya ya rubuta, ya tambayi cikakken sunan Yaya da inda yake aiki, na ba shi, kowace kalma tana fita kamar ana zare min ita da ƙarfi. Na ɗauka an gama. Har na kai hannu zan ɗauki ruwa.

Sai dattijon ya juya wayar da yatsa ɗaya, ya danna gefenta, allon ya kawo yana neman lamba. Ya kalle shi, ya kalle ni ta saman gilashi.

"'Yata, wayar nan a kulle take. Wa ya ba shi lambar?"

Lauya ya sake ɗora biro a kan takarda yana jirana. To masu cewa in sassauta, ga ni, ga biro, ga Madam tana kallona. Ku faɗa min sunan da zan ba shi.